Ka gama digirin tattalin arziki, wace ƙofa za ka ƙwanƙwasa?

Wanda ya karanta likitanci ya san asibiti zai nufa, lauya kuma ya san hanyar kotu. Mu da muka yi tsimi da tanadi ba mu da ofis guda da yake jiranmu. Ana ce mana ko'ina za mu iya aiki, kuma gaskiya ne, sai dai ko'ina ɗin akwai akanta da mai digirin lissafi da mai digirin kasuwanci a layi ɗaya da mu. A Zariya na yi nawa karatun, na yi aikin banki a sashen bayar da rance, yanzu kuma ina cikin masu zama a tebur idan ana tantance sabbin ma'aikata. Daga wannan kujerar zan yi maka magana, ƙanena, ke ma ƙanwata da ke nake. Digirin zai kai takardarka kan tebur. Abin da zai sa a kira ka shi ne abu ɗaya da hannunka ya iya yi da alƙaluma, kuma kana da shaidarsa.

Fara da shekarar bautar ƙasa

Yawanci makaranta za a tura ka, ka tashi ƙarfe biyu, alawus ɗin naira 77,000 ya shigo ƙarshen wata. Yammacin nan da babu abin yi shi ne jarinka. Kada ka ce sai ka karɓi takardar sallama sannan ka fara tunani, domin bankuna da manyan kamfanonin odita irin su KPMG da PwC suna sa iyakar shekaru ga sabbin ɗauka, galibi tsakanin 26 da 28, kuma suna neman 2:1, wasu su karɓi 2:2. Wanda yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya rutsa da shi ya riga ya yi asarar kusan shekara.

Ka fara da Excel. Ba buɗe shi a jera sunaye nake nufi ba. Ka iya tsabtace layuka dubbai da aka cika da kurakurai, ka haɗa tebur biyu su zama ɗaya, ka taƙaita su, ka fitar da zanen da manaja zai duba sau ɗaya ya gane. Bayan shi ka ɗauki ɗaya tak daga manhajojin nazarin alƙaluma, wato Stata da R da Python. Idan aljihu ba nauyi, R da Python kyauta ne. EViews da aka yi maka aikin kammala digiri da shi a shagon kwamfuta na bakin makaranta ba ya cikin lissafi, sai idan da hannunka ka yi.

Sannan ka yi aiki guda wanda naka ne. Ga misali: idan kana Kano, ka riƙa shiga Dawanau duk mako, ka tambayi dillalai biyu ko uku farashin buhun masara da gero da wake, ka rubuta a littafi, ka dawo gida ka zuba a kwamfuta. Idan ka yi wata shida, za ka ga da idonka yadda farashi ke faɗuwa da kaka, ya sake hawa idan bazara ta matso, da yadda kuɗin mota ke shiga cikin kuɗin buhu. Ka ɗauko rahoton farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa, ka gwada da naka, ka rubuta shafi biyu a kan inda suka dace da inda suka saɓa, da dalili. Ba sai Dawanau ba, kowace kasuwar hatsi ta isa. Wanda ya ajiye mini irin wannan shafi biyun a intabiyu, ya wuce wanda ya haddace min ma'anar hauhawar farashi daga littafi, ko da sakamakonsa ya fi kyau.

Banki

Nan ne ƙofar ta fi faɗi, nan ne kuma aka fi shiga a makance. Banki ba aiki ɗaya ba ne. Akwai masu kanta, akwai masu yawon neman ajiya, akwai sashen rance da auna haɗari, akwai baitulmalin da ke saye da sayar da takardun bashin gwamnati da kuɗin waje. Biyun ƙarshe su ne gidanka. Ko da an fara ajiye ka a kanta, ka sa ido can.

A sashen rance abin da ake yi kullum shi ne: mai injin casar shinkafa ya zo yana neman kuɗi, a miƙo maka bayanin asusunsa na wata goma sha biyu. Za ka bi shi layi-layi. Wane wata kuɗi ke shigowa, wane wata suke ƙafewa? Wannan babban kuɗin da ya shigo sau ɗaya, ciniki ne ko aro ya yi don asusun ya yi kyan gani? Idan dizal ya ƙara tsada, ko aka buɗe wa shinkafar waje hanya, zai iya biya? Abin da ka koya a aji na buƙata da wadata shi ne ke aiki a nan, sai dai yanzu da kuɗin mutane ake yi. Ta wannan sashen Sarki Sanusi ya bi: tattalin arziki ya karanta a ABU, ya koyar a can, ya yi shekaru a harkar auna haɗarin rance a UBA da First Bank, kafin ya zama gwamnan Babban Banki a 2009.

Kafin ka sa hannu a takardar ɗauka, ka duba sunan da ke samanta. Na bankin ne, ko na wani kamfanin kwantiragi da ke samar wa bankin ma'aikata? Za ku sa kaya iri ɗaya, ku tashi lokaci ɗaya, amma albashi da ƙarin girma ba ɗaya ba ne. Ka kuma tambaya ko za a ɗora maka adadin ajiyar da dole ka kawo duk wata. Ba na cewa a ƙi, a dai shiga da sani.

Idan zuciyarka ba ta kwanta da aikin kuɗin ruwa ba, yanzu akwai zaɓi da a zamaninmu babu, wato bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk, takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, a 2017, na naira biliyan 100, aka sa su a aikin hanyoyi. Ka koyi yadda hanyoyin cinikin bankin Musulunci irin su murabaha da ijara da mudaraba suke aiki a takarda, ba a wa'azi kawai ba. Masu haɗa fiƙihun ciniki da lissafi ba su da yawa, kuma ana nemansu.

Gwamnati

Kowa burinsa Babban Banki, har iyayenmu. Amma akwai Ofishin Kula da Basussuka, da NDIC mai inshorar ajiya, da hukumar kasuwar hannun jari, da PenCom ta fansho, da hukumar haraji, da ma'aikatun kasafi da tsare-tsare na jihohi, waɗanda mutane ke rainawa alhali a can ƙaramin ma'aikaci yake taɓa ainihin kasafin kuɗi da hannunsa. Mai digiri yakan fara ne a mataki na 8. Aikin ƙididdiga kuwa ba a jin ɗuriyarsa, amma a 2014 da aka sauya shekarar da ake auna girman tattalin arziki da ita daga 1990 zuwa 2010, alƙalamin 'yan ƙididdiga ne ya kai tattalin arzikin Najeriya wajen dala biliyan 510, ya wuce na Afirka ta Kudu.

Ba zan ɓoye maka cewa sanayya tana aiki ba. Amma duk wanda ya ce ka tura kuɗi a ajiye maka gurbi, ka riƙe kuɗinka. Takardun ɗauka na bogi sun raba iyalai da filaye da shanu.

Ƙungiyoyin agaji da raya ƙasa

Kujerar da ta dace da kai a nan ita ce ta bibiya da auna sakamakon ayyuka. Ana shiga ne ta ƙasa: aikin mako biyu ko uku na tattara bayanai a ƙauyuka da waya, da manhajar KoboToolbox ko ODK. Hausarka jari ce a nan, idan ka haɗa da Fulatanci ko Barbarci kuwa sai abin ya ƙara armashi a Maiduguri da Yola da Damaturu. Ka yi aikin da gaskiya, kada ka zauna gindin bishiya ka cike fom da ka, domin wayar tana ɗaukar lokaci da wurin da aka yi kowace tambaya, kuma mai duba bayanan zai gani. Albashinsu yana da kyau, amma kwantiragi ne mai wa'adi. Da Amurka ta yanke tallafin USAID a 2025, mutane da yawa sun wayi gari ba aiki. Ka yi tanadi tun kana ciki.

Ƙarin karatu

Kada ka tara takardun shaida barkatai. Mai son odita da haraji ya yi ICAN, jarrabawar ƙwararrun akantoci. Mai son zuba jari ya yi CFA, jarrabawar ƙwararrun masu nazarin harkar kuɗi, mataki uku ne kuma da dala ake biya, don haka gara ka samu aiki tukuna. Mai son koyarwa a sakandare ya ƙara difilomar ilimi. Digiri na biyu dole ne ga mai son zama lakcara ko shiga Bankin Duniya, ko Bankin Raya Afirka, ko Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, waɗanda duk suna da shirin ɗaukar matasan ƙwararru. Tallafin Chevening na Birtaniya yana neman shekara biyu ta aiki, cibiyar AERC da ke Nairobi kuma tana tallafa wa karatun tattalin arziki a jami'o'in Afirka. Sai dai ka sani, digiri na biyu mai kyau lissafi ne zalla. Idan da ƙyar ka tsallake shi a aji biyu, ka koma masa kafin ka cike fom.

Ranar intabiyu

CV ɗinka ya tsaya shafi ɗaya, aikin da ka yi da hannunka ya zo a sama, kafin jerin makarantu. Daren ranar ka karanta sanarwar ƙarshe ta kwamitin manufofin kuɗi na Babban Banki, wanda yakan zauna kusan duk wata biyu, da rahoton hauhawar farashi na baya-bayan nan. Kusan ko'ina za a tambaye ka abin da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira kasuwa ta yanka mata farashi a watan da ya biyo baya suka yi wa farashi, da dalilin da ya sa aka yi ta ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Ka amsa cikin minti biyu, ka kawo adadi ɗaya ko biyu da ka tabbatar, ka faɗi wa ya amfana wa ya ji jiki. Idan aka jefo tambayar da ba ka sani ba, ka faɗi inda za ka nemo alƙaluman da yadda za ka bi ka gano amsar.