Kafin ku sayi gidan haya, ku san ajinsa

'Yan uwa, masu harkar gidaje a Amurka suna raba gidajen haya aji huɗu, daga A zuwa D, kuma ma'aunin yana da amfani a nan ma.

Ajin A sabon gini ne a unguwar masu hali, irin Maitama a Abuja. Gyara kaɗan ne, amma farashinsa ya yi wa kuɗin haya nisa, sai mai neman ajiyar dukiya. B ya ɗan tsufa amma unguwa lafiya, masu albashi ke zama. A ganina nan ya fi dacewa da sabon shiga.

C ne ke yaudarar mutane, domin arha. Gidan ya haura shekara 30, kwano na yoyo, wayoyin wuta sun ruɓe, masai ya cika. Ku je dubawa a watan Agusta bayan an yi ruwa, tare da magini da mai gyaran wuta, su rubuta kuɗin gyara kafin a yi ciniki. D kuwa, unguwar da babu tsaro ko hanya, ku bar shi.

Lissafi kuma: a ce gida naira miliyan 40, haya miliyan 3 a shekara. Cire gyara, la'adar dillali da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa, saura miliyan 2.2. Ribar ke nan kashi 5.5 cikin ɗari na kuɗin gidan a shekara, ba 7.5 da ake gani kafin a cire waɗannan ba.

Ku tantance takardar mallaka a hukumar rajistar filaye, wato AGIS a Abuja ko KANGIS a Kano. Dokar filaye ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a sauya mai ita.