Yadda ake hawan tsohuwar hanyar Zhuilu a kwarin Taroko

Kafin ka sayi tikitin Taiwan, duba shafin hukumar gandun Taroko ka ga ko wannan hanyar ƙafa da ke bin gefen dutse a buɗe take. Girgizar ƙasar 3 ga Afrilun 2024 ta yi wa kwarin kaca-kaca, aka rufe hanyar. In an buɗe, nemi takardar izini ta intanet tun da wuri, don mutanen da ake bari a rana ƙidayayyu ne. Kuɗin shiga kafin girgizar dalar Taiwan 200 ne, bai ma kai kuɗin tasi daga Hualien, birnin da ke kusa da kwarin, ba.

Ana farawa daga gadar lilo ta Yanzikou. Ka isa da ƙarfe bakwai, kada ka biye wa masu cewa tara ma ta yi.

Sababbin zuwa gefen dutsen suke tsoro, alhali matakalai ne ke karya su. Ɓangaren hanyar da ake bi kilomita 3.1 ne zuwa kaɗai, galibinsa hawa ne tsantsa cikin kurmi mai zafi. Sai ka ga saurayi ya taso da gudu, kafin a kai Batakan ya shanye ruwansa yana haki. Tafi a hankali, ka huta a Batakan ɗin. Ƙauyen ƙabilar Truku ne a da, 'yan asalin yankin, kuma ginshiƙan ofishin 'yan sandan Japan na nan tsaye cikin ciyawa. Bayan yaƙinsu da Truku a 1914 Japanawa suka mamaye yankin, a 1917 suka sa samarin Truku fasa dutsen, ɗaure da igiya, don faɗaɗa hanyar da za ka taka.

Gefen dutsen kamar mita 500 ne, faɗinsa a wasu wurare bai kai mita ɗaya ba, kogin Liwu na can ƙasa kamar zare. A nan ake wauta. Naɗe sandarka ka cusa a jaka, hannu ɗaya a kan igiyar jikin dutse. In kun yi kiciɓis da mai dawowa, wanda ya fi kusa da wuri mai faɗi shi zai tsaya, ya manne da dutse, ya kula kada jakar bayansa ta tunkuɗe ɗan'uwansa. Hoto kuwa sai a tsaye cak. Kada ka kuskura ka ja da baya kana kallon waya. In an kwana ana ruwa, haƙura kawai, duwatsu na gangarowa.

A tsohon sansanin 'yan sanda da ke ƙarshen hanyar ka ci guzurinka, ka kwashe ledarka, ka juyo ta inda ka zo. Gangarowar ce ke cin gwiwa, nan sandar za ta yi rana.