Babi na 5: Haɗa Jimlolin Turanci da Sa Waƙafi

Darasi na 1

A buɗe sabon shafi, a fiƙe fensir. Kowace jimlar Turanci da babban baƙi take farawa, ta ƙare da alama. In labari ne, aya: Musa sells rice. In tambaya ce, alamar tambaya: Does Musa sell rice? Umarni ma aya yake ɗauka: Close the door. In mamaki ne, alamar motsin rai: What a big fish!

Ku sake duba ta farko. Akwai mai yin aiki, Musa, akwai aikin da yake yi, sells. Da waɗannan biyun jimla ta tsaya da ƙafarta.

Darasi na 2

A nan ne mafi yawa suke tuntuɓe, don haka sannu a hankali za mu bi. Mahaɗi kalma ce mai ƙulla magana biyu. Huɗu za mu ɗauka: and, but, or, so. Ga jimla biyu:

Ladi went to the market. She did not buy oil.

Ga su an haɗa:

Ladi went to the market, but she did not buy oil.

Ina waƙafin yake? Kafin but. Ku ɗora yatsa a kansa ku gani. Waƙafi tukuna, sannan mahaɗi. A faɗa da baki: waƙafi tukuna, sannan mahaɗi. A kan layi yake zama, wutsiyarsa ƙasa, manne da kalmar da ta gabace shi. Kada a rataye shi sama kamar alamar da ke cikin 'ya'ya. Bayansa a bar ɗan fili.

Amma ba duk inda aka ga and ake sa shi ba. Rufe mahaɗin da yatsa, karanta hagu, karanta dama. In kowane gefe yana da mai yi da aikinsa, sa waƙafi. In babu, bar shi:

Ladi bought rice and oil.

Kalmar oil ita kaɗai ba jimla ba ce, don haka babu waƙafi. Wanda hannunsa bai saba ba kada ya karaya, kowa a haka ya fara. Rufe, karanta, sannan ka sa.

Da Hausa muna rubuta: na je kasuwa, na sayo shinkafa. Daidai ne. Turanci bai yarda waƙafi shi kaɗai ya riƙe jimla biyu ba. Ko a sa aya, ko a ƙara mahaɗi:

I went to the market, and I bought rice.

Haba jama'a, har yanzu ina ganin waƙafi bayan but a littattafanku! Wasu ma duk inda numfashinsu ya ƙare nan suke ɗiga shi. Gaggawar me ake yi? A goge a sake. Waƙafi tukuna, sannan mahaɗi.

Darasi na 3

When, if, because. In ɗayansu ya buɗe jimla, sa waƙafi inda kashin farko ya ƙare. In a tsakiya ya zo, babu.

When rain falls, we plant.
We plant when rain falls.

Darasi na 4

Jerin kaya: rice, oil, salt and pepper. A rubuta jeri uku a gida, a kawo mako mai zuwa.