Babi na 7: Idan Kamfanin Inshora Ya Yi Shiru da Kai

Darasi na 1: Takardar da ke hannunka

Bismillah. Kowa ya fito da takardar inshorar motarsa ya shimfiɗa a kan benci. Wanda bai zo da tasa ba ya matsa kusa da maƙwabcinsa. Ba za mu karanta ta duka ba, don Turancin da ke ciki ko 'yan boko sai sun gyara zama.

Ɗora yatsanka a can sama. Sunan kamfani ke nan. Sauko da yatsan a hankali har ka ga inda aka rubuta Policy No. Abin da ke gabansa shi ne lambar inshorarka, kuma da ita kamfani ya san ka. Kwafe ta a littafinka ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan layin nan da ya karkace. A lura: harafin O ya fi ƙiba, sifili 0 siriri ne. Idan ka kuskure, goge ka sake. Babu mai yi maka dariya a ajin nan.

Sai ranaku biyu, ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan ka ga 05/03/2025, na farko rana ne, na biyu wata, na uku shekara. Wato 5 ga Maris.

Yawancinmu ƙaramar inshora muke da ita, wadda direbobi ke kira tad-fati. Tun 1 ga Janairun 2023 kuɗinta naira 15,000 ne a shekara ga motar gida, Keke Marwa 5,000, babur 3,000. Idan motar gida ta yi wa wani ɓarna, kamfani zai biya har naira miliyan 3. Wani ake gyara wa, Alhaji, taka motar ba ta ciki. Wanda kuma ya yi maka takardar mota a kan 5,000 a gindin gada, ka bincika. Danna *565*11# a wayarka, ka bi abin da ta tambaya, ka sa lambar mota. Idan sunan kamfanin bai fito ba, ka koma wa wanda ya sayar maka tun kafin wani abu ya faru. Kuma ka karɓi rasit, don a doka inshora ba ta aiki sai an biya kuɗinta.

Darasi na 2: Kwafi biyu

A nan nake so a nutsu, don a nan kowa ke faɗuwa.

Akwai wani dattijo da muka yi karatu da shi bara, yana ɗaukar tumatir da albasa daga Mile 12 zuwa Agege a 'yar akori-kurarsa. Wata rana a Ketu birki ya ci amanarsa, ya daki bayan motar wata mata. Ya yi abin da ya dace: ya ɗauki hoto, ya samo rahoton 'yan sanda, ya sanar da ejan, wato wakilin kamfanin inshorarsa, washegari. Sai ya tattara komai a baƙar leda, har da asalin takardar inshorar da rasit, ya damƙa wa ejan ɗin. Wata uku yana sintiri. Ranar da ya gaji ya je ofishin kamfanin da kansa, yarinyar da ke kan tebur ta duba kwamfuta ta ce ba su taɓa ganin takardunsa ba. Ta tambaye shi shaidar cewa ya kawo. Ya laluba aljihu, babu komai sai carbi da kuɗin mota. Da kuɗin albasa ya gyara motar matar nan.

Saboda haka ga yadda ake yi. Asalin takarda yana zama a gida. Ka je wurin mai fotokwafi ka yi kwafi biyu na kowace takarda. Ɗaya nasu, ɗaya naka. Idan ka miƙa nasu, sai ka ajiye naka a kan tebur ka ce a buga maka hatimi, a sa hannu, a rubuta kwanan wata. Hatimin yakan nuna kalmar RECEIVED, wato an karɓa. Ku dubi allo, harafi takwas ne, ku kwafe.

Mu maimaita tare. Kwafi nawa? Biyu. Na wa ake buga wa hatimi? Nawa. Ina asali? Yana gida.

Na san abin da ke hana ku. Kunya ce. Ka shiga ofis mai sanyi, kowa da lakataya, an ce maka "ba damuwa, Baba, za mu kira ka", sai ka ga kamar rashin ladabi ne ka tsaya. Ba rashin ladabi ba ne. A kasuwa ba ka barin buhu goma a hannun mutum ba tare da shaida ba, to wannan ma kaya ne. Ka yi murmushi, ka gode, amma kada ka tashi daga kujerar sai hatimi ya hau kan naka kwafin. Duba da idonka: akwai kwanan wata? Idan babu, miƙa a rubuta. Hatimi ba rana, rabin shaida ne.

Idan sun ce mai hatimi ya fita, ka ce za ka jira. Idan sun ƙi sam, rubuta sunan wanda ya karɓa da ranar da lokacin, sannan ka sa ɗanka ko wani amintacce ya tura musu takardun ta imel, don imel ba ya ɓoye ranar da aka aika shi.

Ga wasiƙar koke. Cike ta da Hausa tukuna, sannan a juya maka zuwa Turanci, a karanta maka ka ji kafin ka sa hannu.

Sunana ________. Lambar inshorata ________. Abin ya faru ranar ________ a ________. Na kawo takarduna ranar ________. Har yau ba a biya ba. Ina roƙon a ba ni amsa a rubuce.

Wannan wasiƙar ma kwafi nawa? Biyu. Hajiya da ke baya, ban ji muryarki ba. Madalla.

Aikin aji: mutum biyu-biyu. Ɗaya ma'aikacin ofis, ɗaya mai koke. Ma'aikaci ya yi ta cewa "je ka, za mu kira ka". Mai koke kada ya motsa sai an buga masa. A yi amfani da murfin kwalba a matsayin hatimi. Sau uku kowa.

Darasi na 3: Hukumar da ke sama da su

Kafin mu shiga, ina da magana. Na ce kowa ya zo da kwafi biyu yau, 'yan kaɗan ne suka kawo. Wani ma ya nuna mini asalin takardarsa a ninke cikin hula, gumi ya cinye rabin lambar. Haba jama'a! Kuna tasowa daga Idi-Araba da Obalende cikin wannan cunkoso, ku zauna awa biyu, sannan ku ƙi yin abin da bai kai kuɗin shayi ba? Ni ba ni da mota, don ku nake wannan surutu.

To. Idan kamfani ya ƙi biya, ko ya yi shiru, akwai hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997 don sa ido a kan kamfanonin inshora. Hedikwatarta na Abuja, tana da ofis a nan Legas, a Alagbon da ke Ikoyi, kuma tana da sashen karɓar koke. Amma kamfani ake fara kai wa ƙorafi. Abin da za ka nuna wa hukuma cewa ka yi hakan shi ne kwafin nan mai hatimi. Kun ga inda muka dawo. A can ma kwafi biyu za ka kai, a buga maka a naka.

Sai dai kai ma ka riƙe gaskiya. Idan ka rubuta a fom cewa motar gida ce, alhali kabu-kabu kake yi da ita, kamfani na da hujjar ƙin biyanka, kuma babu hatimin da zai cece ka. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a fom ɗin da ba a cike ba.

Darasi na 4: Lambobinka

NIN lamba 11 ce, BVN ma 11. Kamfani na iya neman katin shaidarka da lambar asusun da za a biya ka. Lambar sirri ta katin ATM kuwa, da lambar da banki ke turowa a waya, ba a ba kowa. Wanda ya kira ya ce diyyarka ta fito, ka karanto masa lamba, ɗan damfara ne. Kashe wayar.

Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, da hukumarta NDPC. Kana da ikon tambayar me za a yi da bayananka, da neman a gyara idan an rubuta ba daidai ba. A wurin mai fotokwafi, kwafin da ya lalace ma ka karɓe abinka. Na taɓa sayen ƙosai a Agege an naɗe mini shi a cikin NIN ɗin wani bawan Allah, har da hotonsa.

Darasi na 5: Takaful

Masu tambaya a kan inshorar Musulunci, sunanta takaful. Ita ma NAICOM ke ba ta lasisi, hanyar koke ɗaya ce.

Aikin gida: a cike wasiƙar Darasi na 2. A zo da ita ranar Asabar, kwafi biyu.