Yadda za ku zaɓi waƙar Kuroshiya ta rawar farko ranar biki

Ƙanina ya auri 'yar Kuroshiya, a Jamus suka haɗu wajen aiki, ita 'yar wani ƙaramin gari ce a bakin teku kusa da birnin Split. Da aka sa rana sai ga shi ya kira ni hankali a tashe, wai Yaya an ce sai mun yi rawa mu biyu kaɗai a gaban jama'a, kuma ta ce ni zan zaɓo waƙar da yarensu dan ta ga inda zuciyata take. Su a can sunan abin prvi ples, wato rawar farko, kuma ba wasa suke da shi ba, ana tsayar da cin abinci, kowa ya miƙe ya zagaye ango da amarya, tsofaffi suna share hawaye. Ni da shi muka yi sati uku muna fama, dan haka duk wanda Allah ya haɗa shi da mutanen nan ga abin da na koya.

Abu na farko, dan Allah kar ku yarda da daɗin kiɗa. Waƙoƙin soyayyarsu, musamman na mutanen bakin teku, suna da wani irin sanyi da zai shiga jikin mutum ko bai ji kalma ɗaya ba, amma da yawa daga cikin mafi daɗin na rabuwa ne, ta tafi ta bar shi, yana zaune yana kallon teku yana tuna ta. Ƙanina ya kawo min wata ta wani mawaƙinsu Gibonni mai suna Činim pravu stvar, ya sa sunan a waya ta fassara masa cewa "abin da ya dace nake yi", ya ce Yaya ai shikenan an gama, wace waƙa ce ta fi wannan dacewa da mai aure. Ashe mutumin cikin waƙar lallashin kansa yake yi bayan sun rabu, yana cewa daidai yake yi da ya daina ambaton sunanta. Ku duba fa, a ce wannan aka sa wa amarya a gaban uwarta da kakarta. Haka nan akwai ta Oliver Dragojević, Oprosti mi, pape, duk wanda ya ji muryar zai rantse da masoyiya ake, alhali ɗa ne yake roƙon gafarar mahaifinsa, pape a bakin mutanen Dalmatiya, wato yankin bakin tekun nan, uba kenan.

To yaya za a yi. Ku nemo rubutun waƙar gaba ɗaya, a intanet in kun rubuta sunanta kuka ƙara kalmar tekst zai fito, sannan ku bi shi layi layi har ƙarshe saboda wata sai a baiti na uku take juyewa. Akwai kalmomin da in kun gan su sai ku dakata: zbogom sallamar rabuwa ce irin wadda ba a sa ran dawowa, suze hawaye, otišla ta tafi, vrati se ki dawo ko ka dawo, oprosti neman gafara, bez tebe kuma "ba tare da kai ba", ita wannan ta ƙarshen tana iya zama alheri tana iya zama kuka, sai an duba abin da ke kewaye da ita. Waɗanda ake so a gani su ne ljubav soyayya, srce zuciya, zauvijek har abada, zajedno tare, da volim te wato ina sonki. Wani abin da ya burge ni, volim te ɗin nan ba ruwansa da mace ko namiji, mu sai mun raba sonki da sonka, su guda ɗaya ne, amma da an koma maganar abin da ya wuce sai jinsi ya fito, namiji ya ce volio sam mace ta ce voljela sam, kuma in waƙa ta cika da waɗannan biyun to "na so" ake cewa, soyayyar ta zama labari.

Fassarar waya kuma ku yi hattara da ita, dalili kuwa yaren nasu ba kala ɗaya ba ne. Karin harshe uku suke da shi manya, har sunayensu daga yadda kowa yake cewa "mene" aka samo su, što da ča da kaj. Na makaranta da labarai shi ne mai što, mutanen tsibirai da wani sashe na bakin teku suna da ča, na arewa wajen babban birninsu Zagreb da yankin Zagorje suna da kaj. Waƙoƙin Dalmatiya cike suke da kalmomin gida da waɗanda aka aro daga Italiyanci, inda littafi ya ce lijepo su lipo suke cewa, ljubav ta koma jubav, to waya sai ta rikice ta ba ku shirme. Mutum za ku nema. Mu kuma ɗin amarya muka samu, kar ku yi mamaki, haka suke kiran babbar ƙawar da take tsayawa shaida, kuma, namijin kuwa kum, kuma matsayinsu babba ne sosai kusan dangi suke zama har abada. Ita ta zauna da mu a bidiyo ta fassara mana waƙa biyar, ta kuma riƙe mana sirri.

Na biyu, ku tambayi daga wane yanki dangin suke, wannan kam ya fi komai tasiri a fuskar tsofaffi. Ƙasar ƙarama ce, mutanenta ba su kai miliyan 4 ba, amma kowane yanki da kunnensa. In 'yan Dalmatiya ne to Oliver shi ne sarki, an haife shi a 1947 ya rasu a watan Yulin 2018, kuma ranar da za a kai gawarsa daga Split zuwa garinsu Vela Luka a tsibirin Korčula, jiragen ruwa manya da ƙanana ne suka raka shi a kan teku, daga nan za ku gane yadda suke ji da shi. Suna kuma da klapa, maza ne ko mata su tsaya kafaɗa da kafaɗa su haɗa murya hawa hawa ba ganga ba komai, UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2012, kuma tun 1967 ake bikinta a garin Omiš. Ni a raina babu abin da ya kai klapa daɗi, sai dai asalinta ba ta da bugun da ƙafa za ta bi, mawaƙan suna ja suna saki yadda numfashi ya ba su, dan haka in ita kuke so ku nemi wadda aka sa mata kayan kiɗa irin su mandolin da jita. In kuwa 'yan Slavoniya ne can gabas, to tamburica ce, kayan kiɗa masu tsirkiya dangin molo, kuma a bikinsu za ku ji bećarac, baiti bibbiyu na barkwanci da tsokana wani lokacin har da batsa, wannan na tsakiyar dare ne, kar a kusanto da shi rawar farko.

Akwai magana ɗaya mai nauyi da ba zan tsallake ba. Yaren Kuroshiya da na Sabiya da na Bosniya suna kama ƙwarai, suna jin juna ba tafinta, baƙo ba zai iya rabewa ba, kuma YouTube haɗa su yake yi ya jero. Amma an yi yaƙi daga 1991 zuwa 1995, akwai gidajen da suka rasa 'ya'ya da gidaje, wani gidan ba ruwansu kowace waƙa sa musu za su rera, wani gidan kuma ran kaka zai ɓaci har a tashi. Ku binciki mawaƙin ɗan ina ne, ku tambayi kum ko kuma a hankali ko akwai wanda ba a so a gidan. Irin kiɗan da suke kira cajke shi ma yana raba kai, wasu na mutuwar sonsa wasu ko ji ba sa so. Waƙar kishin ƙasa da ta siyasa ma ku bar musu, su za su ɗauko abarsu in dare ya yi.

Sai maganar ƙafa. Ku kunna waƙar ku ƙirga, in tana tafiya ɗaya biyu uku, ɗaya biyu uku, to ta rawar da suke kira valcer ce. Kala biyu ne, engleski valcer mai sanyi wajen bugu 90 a minti, da bečki valcer ta birnin Vienna mai ninki biyun wannan saurin ana juyi kamar fanka, wanda bai taɓa koyo ba kar ya soma ta biyun, ga doguwar riga ga takalmi mai tsini ga babbar riga in angon namu ne. In huɗu huɗu take tafiya a hankali ta fi sauƙi, taku dama taku hagu kawai. Minti biyu da rabi zuwa uku ya isa, ku ce a yanke ta a ƙarshen amshi na biyu. Kuma yawanci makaɗa ake ɗauka su kwana suna yi, to ku tura musu sunan waƙar da wuri ku ce su turo muku yadda su suke buga ta, saboda saurinsu ba lallai ya zo ɗaya da wanda kuka yi atisaye da shi a falo ba. Mu sai da muka sa suka rage gudu.

Ko amshi kaɗai ne ango ya haddace, yana raɗa mata a kunne suna rawa. Karatun ba wuya in an san sirrin, j ɗinsu y ce, š sh ce, č da ć kamar c ɗinmu ta kalmar "ciki", ita kuma c tasu kusan ts ce, shi ya sa shahararriyar waƙar nan Cesarica ake kiranta Tsesaritsa. Gibonni ne ya rubuta ta Oliver ya rera a 1993, duk bikin Dalmatiya sai an yi ta, amma ni shawarata a bar ta sai can an ci an sha kowa ya rungumi kafaɗar ɗan uwansa ana rerawa tare, domin bege ne na wanda yake neman hanyar zuciyarta har yanzu, ku kuwa an riga an ɗaura.

'Yan uwanmu da za su je kuma a faɗa musu tun a gida, lokacin prvi ples ba a shiga fili ba a liƙi, minti ukun nan na mutum biyu ne, daga baya makaɗan za su kira iyaye da kum da kuma sannan kowa ya shigo, a nan sai a sa namu na gida a yi liƙin a more. Ƙanina a ƙarshe Vjeruj u ljubav ta Oliver ya ɗauka, ma'anar sunan "yi imani da soyayya", mun bi ta kalma kalma babu rabuwa a ciki. Ba a kai rabin baitin farko ba kakar amarya, wadda su suke kira baba, ta ɗauki waƙar daga kujerarta, teburinsu ya amsa, kafin a kai amshi duk ɗakin ya ɗauka har ba a jin muryar mai waƙar.