Ga sababbin zuwa Bronx ta birnin New York: kafin ciwo ya kai ku asibiti da tsakar dare

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani yaro da bai cika wata huɗu da zuwa ba ya jawo ni gefe, ya zaro wata takarda daga aljihunsa. "Kawu, don Allah duba min wannan." Takardar kuɗin asibiti ce, har ta fara yagewa a wurin ninki saboda daɗewar da ya yi yana yawo da ita. Shi ne na uku da ya kawo min irinta a bana, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Katin jirgin ƙasa, layin waya, inda ake sayar da naman halal da garin tuwo, duk wannan cikin mako guda za ku gane, 'yan'uwa ba za su bar ku ku ɓata ba. A nan kam jama'armu sun ciri tuta: mutum zai sauka ba shi da kowa, kafin magariba ya samu shimfiɗa da abinci. Amma a kan sha'anin asibiti, yawancinmu jita-jita muke ba juna. Waɗanda suka san kan abin su ne maƙwabtanmu 'yan Latino, mutanen Jamhuriyar Dominika da Porto Riko da Meziko, waɗanda sun haura rabin mutanen Bronx. Muna haɗuwa da su a matakala kullum, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ni ma haka nake, har hunturuna na biyu. Wani dare 'yata, tana da shekara huɗu, ta farka numfashinta na yin fito, haƙarƙarinta na lotsawa. Na naɗe ta a bargo na kai ta sashen gaggawa na wani asibiti. Ba wanda ya tambaye ni kuɗi ko takardar zama, don tun 1986 dokar Amurka ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba duk wanda ya zo, ya ceto shi, ko da ko sisi ba shi da ita. Suka ce asma ce, suka sa mata abin shaƙa, gari na wayewa muka dawo gida. Na ɗauka an gama.

Bayan mako uku takarda ta iso, kuɗin da ke ciki ya fi abin da nake samu a wata biyu. Sai wata ta biyo, ta likita daban. Wani ɗan'uwa ya ce in yi shiru, in na je ofishinsu za su tona asirin zamana. Na bi maganarsa, na tura takardun ƙarƙashin katifa, ko matata ban gaya wa ba. Daga nan masu karɓar bashi suka fara kira. Na daina ɗaga waya in ban san lamba ba. Abin da har yau yake ci min rai shi ne, sau biyu ciwon ya sake taso wa yarinyar, na zauna da ita da ruwan zafi da man shafawa har asuba, saboda tsoron wata takardar.

Wata tsohuwa 'yar Dominika da ke hawan ƙasa da mu ce ta ji tarin ta bango. Ta tare ni a bakin akwatin wasiƙu, da guntun Turancinta da nawa muka fahimci juna. Jikokinta biyu masu asma ne. A kudancin Bronx ciwon ya yi katutu, ga hayaƙin babbar hanyar Cross Bronx, ga manyan motocin da ke shiga kasuwar Hunts Point dare da rana, ga danshi da kyankyasai a tsofaffin gidaje. Washegari da kanta ta raka ni wani ƙaramin asibitin unguwa, ta haɗa ni da wata mata irin waɗanda suke kira promotora, wato 'yar unguwa da aka horar don ta haɗa mutanenta da likita.

Cikin awa ɗaya matar nan ta warware min abin da na shekara ina ɗauke da shi. A jihar New York duk yaron da bai kai shekara 19 ba yana iya samun inshorar Child Health Plus, ko iyayensa na da takarda ko babu. Ashe 'yata ta cancanta tun ranar da muka sauka. Sannan dokar jihar ta tilasta wa asibitoci rage wa mai ƙaramin ƙarfi kuɗi, amma sai ka nemi fom ɗin tallafi ka cike, ka haɗa da shaidar abin da kake samu. Ba wanda zai biyo ka da shi gida. Manya kuma akwai NYC Care, da aka fara a nan Bronx a 2019: asibitocin birni za su ba ka kati da likitanka na dindindin, ka biya gwargwadon samunka, ba ruwansu da matsayin zamanka. In kana tsoron wani tallafi zai taɓa batun takardunka, lauyan baƙi za ka tambaya, akwai masu yi kyauta, kira 311, layin taimako na birni. Kada ka tambayi majalisar bakin shago.

Kuma ka nemi tafinta. Haƙƙinka ne, kyauta ne, ana samun mai Hausa ta waya. Ku daina sa yaro ɗan shekara goma yana fassara ciwon mahaifiyarsa a gaban likita.

Maƙwabtan namu 'yan Latino ba a kwance suka samu wannan ba. A watan Yulin 1970 matasan Porto Riko na ƙungiyar Young Lords suka mamaye tsohon asibitin Lincoln, wanda mutanen unguwa ke kira mahauta saboda lalacewarsa, suna neman a gyara. A 1976 aka buɗe sabon ginin da ke titi na 149. Har yau 'yan Latino suna cikin waɗanda suka fi rashin inshora a Amurka, ciwon suga kuma ya yi musu yawa, shi ya sa za ka ga tsofaffinsu ba sa wasa da awon jini. Mu kuwa sai mutum ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki ake sanin yana da hawan jini.

Saura magana ɗaya, ga iyaye mata. 'Yan Latino ma suna da maganin gargajiya da shagunansa, botánica, kuma sun sha wuya da wasu garin magani irin su greta da azarcón, da aka gano cike suke da gubar dalma. Namu shi ne kwalli. An gwada wanda ake kawowa daga gida an tarar da dalma mai yawa a ciki, ita kuwa ƙwaƙwalwar jariri take taɓawa ba tare da wata alama ba. A New York ana gwada jinin kowane yaro yana shekara ɗaya da kuma shekara biyu. In an taɓa sa wa jaririnki kwalli, ki gaya wa likita, a yi masa gwajin tun lokacin bai yi ba.