Yadda nake auna ƙarfin zuciyata da tafiyar minti shida

Ranar da likita ya ce zuciyata ta raunana, nauyina kilo 108 ne. Ko masallacin bakin layinmu ba na kaiwa sai na tsaya ina haki. Likitan ne ya koya mini wannan gwaji na tafiyar minti shida.

Ka samu wuri shimfiɗaɗɗe, ka auna mita 30. Ni jikin katangar gidanmu na yi alama da gawayi. Saita minti shida a waya, ka yi ta kai-komo daidai ƙarfinka, ban da gudu. In numfashi ya sarƙe ka jingina ka huta, amma kada ka tsayar da agogo. Sai ka rubuta nisan da ka yi. Na fara da mita 240 kacal, bayan wata uku na kai 330.

Sauran ranaku, tafiyar minti goma bayan asuba, da saurin da za ka iya hira kana tafe. Jiri ko ciwon ƙirji, tsaya nan take.

Hau sikeli kullum da safe. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ba teɓa ba ce, ruwa ne ke taruwa, garzaya asibiti. Batun rage gishiri da magi kuwa, har yau muna fama da uwargida.